Tumatir da attaruhu a ƙasar jigawa: yaya zan haɗa taki da kaina?

Mai Bayan Gida:

Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan gida, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5. Ƙasar jigawa ce, in an yi ban ruwa sai ya zarce kamar an zuba a kwando. Ina son in dasa tumatir da attaruhu nan da sati shida, da zarar sanyi ya fara shigowa. Kamfa da yuriya sun yi tsada, shi ya sa nake son in dogara da takin gida. Bara an zuba kashin kaji da aka kwaso daga gidan gona, aka gauraya da tokar murhu, aka yi dashe bayan kwana uku. Rabin dashen ya ƙone. Wanda ya tsira ya yi ganye shar, amma da ya fara 'ya'ya sai gindin tumatirin ya riƙa yin baƙi yana lotsawa. Abin da nake iya samu: kashin kaji, kashin awaki, karan masara, ɓuntun shinkafa da toka. Don Allah masana, a ina aka yi kuskure, kuma yaya zan haɗa su bana?

Baban Fadama:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuskure uku ne suka haɗu, kowanne da aikin da ya yi.

Ɗanyen kashin kaji taki ne mai zafi. Yana fitar da amoniya, wannan warin mai hawa ka da ake ji a ɗakin kaji, ga gishiri a cikinsa. Saiwar dashe sabuwa ce, tana taɓa shi sai ta ƙone. Da aka ƙara masa toka kuwa sai abin ya ninka, domin toka dangin kanwa ce: in ta haɗu da kashin dabba sai ta sa naitirojin ɗin, wato sinadarin da ke sa ganye girma, ya tashi a matsayin amoniya nan take. Ka ga an yi asara biyu, an ƙona shuka, sannan ƙarfin takin ya bi iska. Baƙin gindi kuwa magana ce ta daban, zan bar ta ga wanda zai yi bayanin ban ruwa.

Ga yadda za ka ruɓar da takin. Tunda rani za a shiga, iska a bushe take, haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa, tsawo da faɗi mita ɗaya da rabi kowanne. Za ka cika shi har ya tashi sama da ƙasa, jimillar tsayin ya kai kamar mita ɗaya ko ya ɗan fi. Ƙaramin tari ba ya riƙe zafi, kada ka rage girmansa. Da damina ce da sai in ce ka tara shi a kan tudu, don rami yana cika da ruwa.

Sassare karan masara ƙanana, kada guntu ya wuce tsawon yatsa, ka jiƙa shi ya kwana. Wannan aikin shi ne mafi gajiyarwa kuma shi mutane suka fi tsallakewa, shi ya sa ake buɗe rami bayan wata uku a tarar da kara yana nan yadda aka sa shi. Ka fara shimfiɗa karan, kaurin taƙi ɗaya. A kansa ɗanyen ganye ko ciyawar da ba ta yi iri ba, rabin taƙi. Sannan kashin dabba, kaurin yatsu uku. Ka barbaɗa ƙasar gona kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka sake farawa. In da kwanon sarki kake awo: uku na busasshen kara, ɗaya na ɗanyen ganye, ɗaya na kashin awaki. In kashin kaji ne zalla, kai busasshen zuwa kwano huɗu ko biyar. In kuwa kashin kajin ya zo gauraye da garin katako, to ya zo da busasshen kayansa, sai ka rage kara zuwa biyu. Toka kada ta shiga ramin nan.

Gwajin laima: damƙi daga ciki ka matse. Ya kamata ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu. In ya warwatse, ya bushe. In ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa. Rufe saman da tsohuwar tabarma ko ciyawa, kada ka liƙe shi da leda, yana buƙatar iska.

Soka rodi har tsakiya ka bar shi. A kwana na uku ko na huɗu ka zare. In ka kasa riƙe shi na tsawon lokaci saboda zafi, aiki ya kankama. Zafin da ake nema digiri 55 zuwa 65 ne, shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. In rodi ya fito da sanyi, ko dai tarin ya bushe, ko kashin dabbar bai isa ba. In ka ji warin amoniya, kashi ya yi yawa, ƙara kara. In warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, ruwa ya toshe iska, kwashe ka baza shi ya sha iska ka mayar. In ka ga cikin ya yi fari-fari kamar toka, ya bushe da zafinsa, jiƙa shi yayin juyawa.

A al'ada ana juyawa duk kwana 10 zuwa 14, ya nuna cikin wata biyu zuwa uku. Kai sati shida gare ka, don haka ka juya duk kwana huɗu a sati ukun farko, na gefe ya koma tsakiya, sannan ka ƙyale shi ya huce. Zai ragu zuwa kusan rabi. Idan ya nuna zai yi baƙi-baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, kuma in ka juya ba zai sake ɗaukar zafi ba.

Kada ka yarda da ido kawai. Cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya rabi ƙasa rabi taki, ka shuka ƙwayar tumatir goma-goma. In na takin ya ƙi tsirowa ko ya fito a tsumure, bai nuna ba. In ranar dashe ta zo bai nuna ba, nemi tsohon kashin awaki da ya shekara a turke ka yi amfani da shi a ramin dashe, naka kuma ka zuba daga baya a gefen shuka.

Malamin Gona:

Bayanin Baba ya yi daidai. Zan ƙara da lissafi, don kada a ɗora wa takin gida abin da ba zai iya ba.

Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Ruɓaɓɓen takin gida yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba, kuma ba duka yake saki a shekarar farko ba, ɗan kaɗan ne ke fitowa, sauran sai a hankali. Saboda haka babban aikinsa a ƙasar jigawa gyaran jikin ƙasar ne: ta riƙe ruwa, ta riƙe abincin da aka zuba mata. Filayen noma na arewa da dama ruɓaɓɓen abin da ke cikinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma zafin rana yana cinye shi da sauri, don haka zubin shekara ɗaya ba ya wadatarwa, kowace shekara sai an ƙara.

Awo: a shekarar farko kilo 4 zuwa 5 a kowace murabba'in mita. Kwanon sarki ɗaya na taki mai ɗan laima yana kai kilo 10 ko kusa da haka, wato kwano ɗaya ga murabba'in mita biyu. Filinka murabba'in mita 50 ne, kwano 25 ke nan, kuma ramin da Baba ya kwatanta zai ba ka fiye da haka. Cuɗa shi da ƙasar sama, zurfin taƙi ɗaya, kada ka binne shi can ƙasa, kada kuma ka bar shi a fili rana ta gasa. A cikin fangali kawai za ka zuba, ban da hanyar da ake takawa.

Ɓuntun shinkafa kada ka cuɗa shi ɗanye da ƙasa da yawa. Yana jinkirin ruɓa, kuma ƙwayoyin da ke cin sa suna janye naitirojin daga ƙasa, sai ka ga ganye ya yi rawaya alhali ka sa taki. Hanya biyu gare shi. Ko ka shimfiɗa shi a saman fangali, ko ka mai da shi gawayi: hura 'yar wuta, kifa tsohon garwa da aka huhhuda aka sa masa bututu a kanta, ka tara ɓuntu kewaye. Wuta za ta ci daga ciki zuwa waje. Duk inda ya yi baƙi ka jawo ɗanye ka rufe. Da ya yi baƙi gaba ɗaya ka baza ka kashe da ruwa sosai, in ka yi jinkiri sai ya zama farar toka. Wannan gawayin yana daɗewa a ƙasa shekaru, yana riƙe laima. Amma ka cuɗa shi da takinka ya yi sati biyu kafin ya shiga fangali, domin sabon gawayi yana fara tsotse abincin da ya tarar. Kwano ɗaya na gawayi ga kwano huɗu na taki ya isa.

Abin da takinka zai fi gazawa a kai shi ne fosfaras, wanda takin zamani na sufa ke bayarwa, kuma ƙasarmu tana da ƙarancinsa ƙwarai. Alamarsa shuka ta tsaya cak, bayan ganye ya yi shunayya, kodayake tsananin sanyin hunturu ma yana kawo wannan launi na ɗan lokaci. Maganinsa na gida ƙashi ne, na mahauta nake nufi, mai lanƙwasa a ƙ. Ƙona shi har ya yi fari ya yi gautsi, ka daka ya yi laushi, cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci a kowane ramin dashe, a cuɗa da ƙasa. A hankali yake narkewa, kuma ya fi aiki a ƙasa mai ɗan tsami. Wannan ma dalili ne na rage toka, domin in ta yi yawa sai ta kashe tsamin, fosfaras ɗin ya ƙulle.

Toka tana da amfaninta, tana ba da fotashiyam da kalsiyam, kuma tumatir yana son fotashiyam lokacin 'ya'ya. Gwangwanin madara ɗaya a murabba'in mita, sau ɗaya a kakar noma, sati biyu ko uku kafin taki ya shiga, a bi da ruwa. Ta itace ko ta kara kawai, ban da wadda aka ƙona leda, taya ko katako mai fenti. Kafin nan ka ɗiga ruwan lemon tsami a kan busasshiyar ƙasar. In ta yi kumfa, manta da toka gaba ɗaya. Haka in kana ganin farin ɓawo a saman fangali bayan ruwa ya bushe, gishiri ne ya taru, toka za ta ƙara shi.

Baƙin gindi ba cuta ba ce, feshi ba ya maganinsa. Kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan tumatirin ba. Sau da yawa akwai shi a ƙasa, amma ruwa ne ke ɗaukar sa, to in yau an jiƙa sharkaf, gobe da jibi ƙasa ta bushe ƙamas, tafiyarsa ta yanke. Yawan naitirojin yana ƙara matsalar, domin ganye ya yi yawa ya janye ruwan. Wannan ganyen shar da ka gani bara shi ne shaida. Dogayen iri kamar Roma sun fi kamuwa. A jigawa gara ruwa daidai kullum da safe a kan mai yawa duk kwana uku, sannan a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu huɗu, a bar ɗan fili kewaye da karan. Ɓawon ƙwai da ake ta yaɗawa ba zai ceci 'ya'yan bana ba, yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya narke.

Hajiya Mai Turke:

Sannunku da ƙoƙari. Malam, akwai wurin da zan ɗan ja da kai. Ka nuna takin gida ba shi da ƙarfin naitirojin, gaskiya ne in kashin da aka share aka bari a rana ake magana. Amma kaso mai yawa na naitirojin da mafi yawan fotashiyam da dabba ke fitarwa a fitsari suke, kuma shi ne muke bari ƙasar turke ta shanye. Mai tambaya, tunda akwai awaki, shimfiɗa musu ɓuntu ko ƙaiƙayi ko sassaren kara a ƙarƙashinsu, kaurin yatsu huɗu. Duk sati ka kwashe ka kai rami, ka sa sabo. Ɓuntun da ya sha fitsari ya fi saurin ruɓa nesa ba kusa ba, turken ma ya fi tsabta. Kuma a mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba, don haka babu damuwar tufafin salla.

Takin ruwa kuma shi ke cike giɓin da Malam ya faɗa, don yana aiki cikin kwanaki. Samu duro mai lita 200. Zuba kilo 25 zuwa 30 na kashin awaki da ya ɗan daɗe a ajiye a cikin buhu mai shan ruwa, ɗaure bakin, rataye shi a sanda ya nutse. Kullum ka ɗaga ka tsoma sau da yawa. Rufe bakin duron da yadi saboda sauro da ƙuda. Bayan kwana 10 zuwa 14 ya yi. Gwangwani ɗaya na wannan ruwan, huɗu na ruwa zalla, launinsa ya zama kamar shayi marar kauri. In da kashin kaji ka yi, ɗaya ga goma. Rabin lita ga kowace shuka, sau ɗaya a sati, a fara sati biyu bayan dashe. Sai an yi ban ruwa tukuna, a zuba a gindi, kada ya taɓa ganye. Ƙasa busasshiya in ta sha shi, saiwa ce ke ƙonewa.

Ka bi ganye da ido. In na ƙasa suna yin rawaya gaba ɗaya, yunwar naitirojin ce, ci gaba. In ganye ya yi duhu, kara ya yi kauri, fure yana zubewa, ya ƙoshi, tsaya. In gefen tsofaffin ganye ne ke ƙonewa kamar an bi da wuta, fotashiyam ne ya gaza. Attaruhu ya fi tumatir saurin zubar da fure in abinci ya yi yawa, nasa rabin na tumatir ya isa.

Abu biyu da zan hana. Kada a sa sukari ko makamancinsa a duron wai don ya yi ƙarfi, ƙwayoyin cutar gudawa da ke cikin kashin dabba su ma suna hayayyafa da shi. Sannan wannan ruwan ba na salak da duk ganyen da ake ci ɗanye ba ne, kuma ko a tumatir a daina wata ɗaya kafin a fara tsinka. Yara ne ke tsinkar tumatirin bayan gida su kai baki ba wanki.

Jiƙa ɓawon ayaba a ruwa kuwa, abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba. A jefa shi rami ya ruɓe tare da sauran.

Ɗan Tawa:

Idan takin bai isa duka filin ba, yi dabarar tassa da ake yi a yankin Tawa na ƙasar Nijar: rami faɗin taƙi ɗaya da rabi, zurfin taƙi ɗaya, a zuba taki cikin tafin hannu biyu ko uku a cuɗa da ƙasa, a dasa a ciki. Taki da ruwa duk suna taruwa inda saiwa take. Asali don gero da dawa ake yin ta a ƙasar da ta mutu, amma a jigawa da rani tana yi wa tumatir aiki. A ƙasar laka kada a yi, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe.

Wani abu da ba a taɓo ba: tumɓuke tsohuwar shuka in akwai saura, ko kuɓewa da ke kusa, ka duba saiwar. In ka ga ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, kuma jigawa ce gidanta. Shuka mai ita tana yaushi da rana ko da ƙasa a jiƙe take, kuma duk takin da ka zuba ba za ta iya ci ba. Daka 'ya'yan bedi, wanda kuke kira darbejiya, ko ka samu tunkuzarsa bayan an matse mai, cikin tafin hannu biyu a murabba'in mita, a cuɗa da ƙasa a jiƙa, sati biyu zuwa uku kafin dashe. Yana rage ta, ba ya ƙarar da ita. Kada a sa shi a wurin renon iri, yana iya hana tsiro. Da bazara kuma a jiƙa filin a rufe da farar leda mai nuna ciki na sati huɗu zuwa shida, rana ta dafa ƙasar. Da damina a sa masara ko dawa a wurin, ban da kuɓewa, yalo da gauta.

Mai Bayan Gida:

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Saura biyu. Akwai masu kawo takin bola a amalanke da araha, in ƙara da shi? Sannan na tona tsohon kashin awakin na ga gwazarma da yawa, za ta yi ɓarna?

Baban Fadama:

Takin bola manoman kewayen Kano sun daɗe suna amfani da shi, kuma yana da ƙarfi, amma bolar yanzu ba ta da ba ce. Akwai fasasshen batir, leda, kwalba, allura da tokar taya, kuma gubar batir in ta shiga ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta fita. A fili ƙarami da iyali za su ci daga gare shi, ga kuma kashin awaki da kaji a hannu, ban ga dalilin sayen sa ba. Wanda ya fito daga kusa da masana'antar jima ko magudanar ruwansu kuwa ko kyauta ne kada ka karɓa.

Gwazarmar cikin juji ruɓaɓɓen abu take ci, tana ma taimakawa wajen niƙa shi. Sai dai tana da 'yan'uwa masu kama da ita da ke cin saiwa, kuma bambance su da ido yana da wuya. Tankaɗe takin da rariyar waya mai manyan idanu, ka baza shi da safe ka saki kaji a kai na awa ɗaya ko biyu, sannan ka tattara ka yayyafa masa ruwa ka rufe kafin rana ta yi zafi.